Katin Alƙalin Wasa Ya Fi Ofishin Ankara Adalci



Duk lokacin da wasannin neman gurbi suka ƙarato, kocin Black Stars ya zauna a Ankara ya karanto sunayen 'yan wasan da ya gayyata, muhawara iri ɗaya ce ke tashi a teburin mai shayi a nan Tempane, haka a Garu da Bawku, kuma na tabbata ba ta canja zani ba a zangon Yendi da na Salaga. Tambayoyi uku ake yi: wa aka kira, wa aka bari, kuma me wanda aka bari ya yi? Ta farko da ta biyu takardar sunaye ta amsa su. Ta ukun kuwa shekara da shekaru ke nan muna jiran amsarta. Sai a bar mu da jita-jita. Wannan ya ce yaron ya yi wa koci rashin kunya, wancan ya ce ba shi da ubangida a hukuma, na uku ya rantse cewa sunansa na Musulmi ne ya ja masa. A ƙarshe mu watse kowa da tasa, an ɓata wa yaro suna ba tare da an tuhume shi da komai a fili ba.

Maganata ita ce: Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ghana tana da ikon ladabtar da ɗan wasa, babu mai musun wannan. Amma ladabtarwar da ba ta da wa'adi, ba ta da bayani, ba ta da ƙofar ɗaukaka ƙara, kuma kullum a kan mai saka riga da gajeren wando take sauka, ta tsallake mai kwat da lakataye, wannan zalunci ce, kuma tana cikin abubuwan da ke raunana mu a daidai lokacin da muke neman maki.

Dakatarwa iri biyu ce a ƙwallon ƙafa, kuma ya kamata mu raba su. Ta farko ita ce ta katin alƙalin wasa. Dokarta a rubuce take, yaron da ke buga tamaula a bayan makarantar allo ma ya san ta: a wasannin neman gurbin Kofin Duniya, wanda ya karɓi katin gargaɗi a wasanni biyu daban-daban zai zauna a wasa na gaba, wanda aka ba jan kati shi ma zai zauna. An san laifin, an san hukuncin, an san ranar da zai ƙare.

Wannan doka ta sha cizon mu. A 1992, a ƙasar Sanagal, Abedi Pele, wanda asalinsa ɗan Paga ne a wannan jiha tamu, ya karɓi katin gargaɗi a wasan kusa da na ƙarshe da Nijeriya, dole ya zauna yana kallo a wasan ƙarshe da Kwaddibuwa a Dakar. Aka tashi babu ci, aka je bugun fenareti, aka cinye mu 11 da 10. Har yau dattawa na cewa da Abedi ya buga da kofi na biyar ya zo gida. A 2006 a Jamus, Asamoah Gyan da Sulley Muntari, su biyun da suka ci Jamhuriyar Cek, duka kati ya hana su buga wasan Amurka. Da yake an san da haka tun da wuri, koci ya shirya, Haminu Draman ya shigo ya ci ƙwallon farko, muka yi nasara 2 da 1. A 2010 a Afirka ta Kudu, André Ayew da Jonathan Mensah ba su buga wasan Yurugwai ba saboda kati. Mun ji zafin duk waɗannan, amma ba wanda ya ce an yi masa bi-ta-da-ƙulli, domin doka ɗaya ce a kan kowa, da ɗan sarki da ɗan talaka.

Dokar nan ba ta ma tsaya kan ɗan wasa kawai ba, tana kama ofis idan ofis ya yi sakaci. A watan Nuwamban 2017 Nijeriya ta saka Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato, a wasanta da Aljeriya, alhali yana da katin gargaɗi biyu a wuyansa. An tashi 1 da 1 a fili, amma FIFA ta mayar da sakamakon 3 da nema, ta ba Aljeriya. Sa'ar Nijeriya ita ce ta riga ta sami gurbinta. A watan Maris na 2025 Afirka ta Kudu ta yi irin wannan kuskure da Teboho Mokoena a wasanta da Lesotho, FIFA ta ƙwace mata maki uku a watan Satumba. Ka ga hukuncin da ya san inda laifi yake: ɗan wasa ba shi ke riƙe da littafin lissafin kati ba, don haka hukumar ƙasarsa ce ta ɗauki nauyin.

Dakatarwa ta biyu ita ce ta ofis, wadda ake yanke ta a ɗakin otal ko a bayan ƙofa, a fito da ita cikin 'yan layuka. Mafi girman misalinta a tarihinmu ya faru ranar 26 ga Yuni, 2014, a Burazil, 'yan awoyi kafin wasanmu da Fotugal. Hukuma ta sanar da cewa ta dakatar da Sulley Muntari da Kevin-Prince Boateng har sai abin da hali ya yi. Muntari an zarge shi da kai hannu ga Moses Armah, ɗan kwamitin zartarwa na hukumar. Boateng an zarge shi da zagin koci Kwesi Appiah.

Abin da mutane da yawa suka manta shi ne, a wannan rana Muntari yana ƙarƙashin dakatarwa biyu ne. Ya riga ya karɓi katin gargaɗi a wasan Amurka da na Jamus, don haka ko da bai taɓa kowa ba, doka ta hana shi buga wasan Fotugal. Mutum ɗaya, rana ɗaya, hukunci biyu. Na katin ya ƙare da busar tashi bayan minti casa'in. Na ofis kuwa, a aikace, bai ƙare ba har ya rataye takalmansa a 2022. Mutumin da ya buga wa ƙasarsa wasa 84 ya ci ƙwallo 20, wanda ya harba waccan ƙwallo daga nesa a ragar Yurugwai har muka yi ta ihu a gidajen kallo kamar rufin kwano zai tashi, bai sake saka rigar Black Stars ba. A watan Yunin 2016 ya rubuta takardar neman gafara ga hukuma da al'ummar ƙasa baki ɗaya. Ƙofa ba ta buɗe ba.

A nan sai in juyo gare mu, 'yan Zango, domin laifi tudu ne. Muntari namu ne, ɗan Konongo, ya tashi cikin irin rayuwar da muka tashi. Wannan ya sa da yawa daga cikinmu, da an ambaci sunansa sai mu ce ƙabilanci ne, mu rufe kunne. Ban yarda da wannan ba. Idan ya kai hannu ga mutum, ya yi laifi, kuma a gidajenmu ma yaron da ya ɗaga hannu ga babba ba a shafa masa kai. Kuma ba wannan ne karon farko da ya yi karo da masu kula da shi ba: an mayar da shi gida daga sansanin wasannin Olamfik na 2004, an ci shi tara a 2009 tare da Michael Essien da Asamoah Gyan saboda ƙin halartar wasan sada zumunta da Angola, kuma koci Milovan Rajevac ya bar shi a gida a gasar Kofin Afirka ta 2010. Ya cancanci hukunci. Tambayata ita ce: na wasa nawa? Na wata nawa? Wa ya saurari nasa bayanin? Ina zai kai ƙara idan yana ganin an tsananta masa? Wanda ya kare Muntari don kawai ɗan'uwa ne ya sauƙaƙa wa hukuma aikinta, domin ya mayar da maganar adalci maganar ɓangare, sai a yi watsi da ita. Boateng ba ɗan Zango ba ne, a Balin aka haife shi, kuma igiya ɗaya aka ɗaure su da ita.

Muntarin nan dai ya ga yadda ake yi a wani wuri. A ƙarshen watan Afrilun 2017, yana buga wa Pescara a Italiya, 'yan kallo a Cagliari suka yi ta yi masa zagin wariyar launin fata. Ya kai kuka ga alƙalin wasa aka ba shi kati, ya fice daga fili cikin fushi, aka dakatar da shi wasa ɗaya. Aka ɗaukaka ƙara, cikin mako guda aka soke hukuncin. A ƙasar da aka zage shi don baƙar fatarsa ya sami ƙofar ƙwanƙwasawa. A ƙasarsa ta haihuwa bai samu ba.

Yanzu mu duba ɗaya gefen mudun. Me ya tayar da hankalin sansanin Burazil tun farko? Kuɗin halarta ne na 'yan wasa, dala dubu 100 kowanne, da aka yi alkawari ba a biya a kan lokaci ba, har gwamnati ta ɗauki sama da dala miliyan 3 tsaba ta saka a jirgin sama aka kai Brasilia, gidajen talabijin na duniya na nuna ayarin motocin da suka ɗauko kuɗin. Wannan abin kunya ba ɗan wasa ne ya shirya shi ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. To me ya sami masu ofis? Ministan wasanni na lokacin, Elvis Afriyie Ankrah, an ɗauke shi daga ma'aikatar aka mayar da shi ƙaramin minista a fadar shugaban ƙasa. Koci Kwesi Appiah ya bar aiki a watan Satumban 2014, aka dawo da shi a 2017. Shugaban hukuma, Kwesi Nyantakyi, ya ci gaba da zama a kujerarsa, aka sake zaɓensa a 2015. An kafa hukumar bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Senyo Dzamefe, ta zauna, ta miƙa rahoto. Amma waɗanda aka rufe wa ƙofa har abada su ne 'yan wasan nan biyu.

Sai da Anas Aremeyaw Anas ya fito da bincikensa na ɓoye a watan Yunin 2018, duniya ta ga yadda ake karɓar kuɗi a harkar ƙwallonmu, sannan kujerar ta girgiza. FIFA ta haramta wa Nyantakyi harkar ƙwallo har ƙarshen rayuwarsa. Shi kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun wasanni ta duniya da ke Suwizalan, a 2020 aka rage masa zuwa shekara 15. Ku lura da wannan da kyau. Shugaban hukumar da ta dakatar da 'yan wasa ba wa'adi, da nasa hukuncin ya zo, ya sami lauya, ya sami kotu, ya sami wa'adi mai lamba. Ba na yi masa hassadar wannan, haƙƙinsa ne. Ina tambaya ne me ya sa abin da ya zama haƙƙi ga shugaba ya zama alfarma ga ɗan wasa.

Inda ba a san ƙa'ida ba, alfarma ce ke mulki, kuma tarihin zaɓen 'yan wasanmu ya nuna haka. A watan Janairun 2013 Kwesi Appiah ya cire André Ayew daga tawagar Kofin Afirka saboda bai iso sansani a ranar da aka yanka masa ba, ƙanensa Jordan kuma ba a ma gayyace shi ba. A watan Fabrairu su biyun suka rubuta cewa sun jingine buga wa ƙasa. Sai da wasan neman gurbi da Zambiya ya ƙarato a watan Satumba, Shugaba John Mahama ya sa baki, suka dawo. A 2019 Asamoah Gyan ya ce ya yi ritaya saboda an karɓe masa kyaftin, sai da Shugaba Akufo-Addo ya yi magana da shi ya janye. Shugabannin ƙasa biyu, daga jam'iyyu biyu, sun ajiye aikin ƙasa suna sasanta koci da 'yan wasansa. Wanda ke da sunan da zai kai kunnen fadar shugaban ƙasa an lallashe shi. Yaron da ya fito daga Bawku ko Zebilla, wanda mahaifinsa manomin albasa ne, wa zai buga waya dominsa?

Haka abin yake wajen sakayya. Boateng ya ce ya daina buga wa Ghana a 2011, bai sha wahalar mafi yawan wasannin neman gurbi ba, ya dawo a wasan ƙarshe da Masar a Alƙahira a watan Nuwamban 2013, ya sami kujera a jirgin Burazil. A watan Maris na 2022 Felix Afena-Gyan ya buga wasanni biyun da muka fitar da Nijeriya, na Kumasi da na Abuja, amma da aka karanto sunayen masu zuwa Katar babu nasa, aka ga sababbin fuskokin da suka amsa kira bayan an gama dafa tuwo. Koci na da 'yancin zaɓar wanda ya fi ƙwarewa, ban hana shi ba. Amma yaro na gani, kuma darasin da yake ɗauka shi ne wahalar neman gurbi ba ta da lada tabbatacce. Daga nan ake fara jin ciwon cinya duk lokacin da aka ce za a tafi wasa mai nisa.

Mun ga ƙarshen wannan hanya a 2024. Angola ta cinye mu 1 da nema a filin Baba Yara na Kumasi a watan Satumba. A watan Oktoba Sudan, wadda Kwesi Appiah ke horarwa, ta riƙe mu babu ci a Ankara, ta kuma cinye mu 2 da nema a wasa na biyu. A cikin 'yan watanni kambun kyaftin ya zaga hannun Thomas Partey da Mohammed Kudus da Jordan Ayew. Da wasanni biyu na ƙarshe suka zo a watan Nuwamba, koci Otto Addo ya bar Partey a waje, ya ce dalilin na cikin gida ne. 'Yan wasa takwas daga waɗanda aka gayyata suka janye. Ranar 18 ga wata Nijar ta zo har Ankara ta cinye mu 2 da 1. Waɗanda kakanninsu suka fito daga Maraɗi da Dogon Dutsi sun sha tsokana a zango ranar, su ma ba su san ko su yi dariya ko su yi kuka ba. Muka ƙare a ƙasan rukuni da maki uku, ba mu ci wasa ko ɗaya ba, muka rasa Kofin Afirka karo na farko tun 2004. Bayan wata huɗu Partey ya dawo, ya ci Madagaska ƙwallo biyu. Me ya fitar da shi, me ya dawo da shi? Mu da muke sayen kati muna biyan kuɗin gidan kallo ba a ga mun isa a gaya mana ba.

Za a ce mini ai mun sami gurbin Kofin Duniya na 2026, Kudus ɗan Nima ya ci Komoros a watan Oktoban 2025, me ya rage? Nasara tana rufe ɓaraka, ba ta ɗinke ta. Mun cinye Masar 6 da 1 a Kumasi a 2013, bayan wata takwas muka zama abin dariyar duniya a Burazil. Za a kuma ce sirrin sansani ba na kasuwa ba ne. Gaskiya ne, rashin lafiyar ɗan wasa ko matsalar iyalinsa ba tamu ba ce. Amma hukunci daban ne da sirri. Idan an bar mutum don ƙwallonsa ta yi sanyi, a ce haka. Idan an bar shi don laifi, a faɗi dokar da ya karya da yawan wasan da zai zauna. Shirun da ake cewa don rufin asirinsa ne shi ke sa kowa ya ɗinka masa laifin da ya ga dama. Za a ce akwai takardar ladabi da 'yan wasa ke sa wa hannu. Madalla. A buga ta a jarida, a karanta ta a rediyo da Hausa da Kusal da Dagbanci da Tuwi, mu riƙa auna hukunci da ita.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin hukuma ba. Kowane laifi a rubuta shi da hukuncinsa, kowane hukunci da adadin wasanninsa, a soke kalmar nan ta har sai abin da hali ya yi. Kwamitin da zai yanke hukunci kada ya ƙunshi wanda aka yi rigimar da shi, kuma a saurari ɗan wasa kafin a yanke. A ba shi inda zai ɗaukaka ƙara cikin kwanaki ƙidayayyu. A kammala duk wannan tun kafin a fitar da sunayen wasan neman gurbi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan dokar ta hau kan jami'in da ya jinkirta kuɗin 'yan wasa, ko ya kasa tanadar filin da ya dace, ko ya manta lissafin kati, kamar yadda take hawa kan yaron da ya makara zuwa sansani.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Idan rigima ta tashi a zango aka kai ta gaban Sarkin Zango da liman, ba a yanke magana sai an ji bakin kowa, kuma idan aka ce yaro kada ya sake zama a majalisa, ana faɗin zuwa yaushe, ana kuma faɗin abin da zai yi a yafe masa. Fatauci tsakanin Salaga da ƙasar Hausa ya daɗe ne saboda ƙwaryar goro ɗari ce ga kowa, baƙo da ɗan gari.

Zan rufe da kaina, don kada in hau tudu in hango na wasu. Na taɓa zama cikin dattawan da ke kula da ƙungiyar yaran unguwarmu. Ana saura kwana biyu wasan gasar Sallah, yara biyu suka ƙi zuwa atisaye. Ɗaya mahaifinsa ne ya saya mana riguna, ɗayan maraya ne mai tura baro a kasuwa. Na farkon muka ja masa kunne ya buga. Na biyun muka ce ya huta tukuna, ba mu ce zuwa yaushe ba, ba mu tambaye shi abin da ya hana shi zuwa ba. Daga baya na ji cewa kakarsa ya kai asibiti a Bawku. Bai sake dawowa fili ba, ya tafi kudu neman aiki, kuma ya fi duk yaran iya taka leda. Abin da nake tuhumar Ankara da shi na aikata irinsa a ƙaramin filinmu mai ƙura. Saboda haka masu kula da ƙungiyoyin yara a Tempane da Garu da Bawku da Yendi da Salaga, mu fara da kanmu kafin gasar Sallah mai zuwa: mu rubuta dokokinmu a takarda ɗaya, mu karanta wa yara, mu liƙa ta inda kowa zai gani. Sannan mu nemi hukumar ƙasa ta fito da tata kafin a sake karanto sunaye.

Allah Ya ba mu ikon yin adalci ko da a kan namu ne. Wassalam.